Aikin shara a kasuwar kayan gwari: rahoton kwamiti daga Janairu zuwa Agusta

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Kwamitin tsafta ya zauna da Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan tumatir da na 'yan ganye. An amince a fara da layi biyu kawai: inda ake sauke kwandunan tumatir da tattasai, da layin kabeji da salak da karas. Kasuwar tana gefen birnin Kano, ba ta kai kasuwar 'Yankaba girma ba, amma kayanta iri ɗaya ne, yawancinsa daga Kura da Kadawa da Garun Malam yake zuwa, wuraren da ke noman rani da ruwan madatsar Tiga.

Halin da ake ciki shi ne kowa ya share gaban rumfarsa ya tura cikin kwata, ko ya ba yaro ya kai jujin bayan kasuwa. Jujin kuwa sai ya fara cin hanya sannan a yi karo-karo a kira tifa. An yanke cewa ba za a sayi ko baro ɗaya ba sai an auna sharar tukuna, a san mene ne a cikinta, a kuma san ƙarfe nawa ta fi taruwa.

Laraba, 15 ga Janairu

An gama awon mako guda. Kullum da yamma ana tara sharar layukan biyu a kan tamfol, a cuɗanya da shebur, a baje, a raba gida huɗu. Sai a ɗauke biyun da ke kusurwa da kusurwa, a sake cuɗanya biyun da suka rage, a sake rabawa, har abin ya dawo kamar kilo 100. Wannan ne ake tsincewa da hannu kashi-kashi: mai ruɓewa, leda, roba, kwali, karyayyen kwando da ciyawar da ake shimfiɗawa a cikinsa, ƙasa, sai abu mai haɗari. Kowane kashi a rataya shi a sikeli. Dalilin wannan rabe-raben shi ne idan aka ɗebo daga saman tsibi, leda ce za ta yi yawa domin ita ce ke tasowa sama, idan kuma daga ƙasa ne, ƙasa da ruɓaɓɓen tumatir za su rinjaya.

Abin da ya fito: sama da kashi uku cikin huɗu na nauyin duk mai ruɓewa ne. Leda ita ce ta cika ido, amma a sikeli ba ta da wani nauyi. Sharar kuma ta fi taruwa tsakanin ƙarfe 7 da 11 na safe, lokacin da ake zazzage kwanduna ana tsince fasasshe, sai kuma bayan La'asar da masu ganye ke ɓare kabeji.

Tumatir kusan kashi 94 cikin 100 nasa ruwa ne. Ke nan fiye da rabin kuɗin da ake ba mai tifa, kuɗin dakon ruwa ne zuwa bayan gari. Sauran kuwa taki ne, kuma Kanawa sun daɗe da sanin haka. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya rubuta yadda jakuna ke shigo da itace cikin birni su fita da mangalar taki zuwa gonakin kewaye. Abin da ya gurgunta wannan ciniki shi ne leda. Manomi ya sayi tifar takin bola ya baza, damina ta wanke ƙasar, a bar masa gona fal baƙar leda da ledar fiya-wata, garma na sarƙewa, awaki na ci. Saboda haka kwamiti ya tsayar da magana ɗaya: leda da ruɓaɓɓen kaya kada su haɗu tun daga bakin rumfa. Duk wani tsari da za a yi daga baya, a kan wannan zai tsaya ko ya faɗi.

Talata, 28 ga Janairu

An yanka duro 10 masu cin lita 200 gida biyu, aka samu mazubi 20, maƙeri ya sa wa kowanne hannu biyu na rodi. Goma an shafa musu koren fenti don mai ruɓewa, goma baƙi don leda da sauran tarkace, ana ajiye su bibbiyu. An rubuta a jiki da boko da ajami, an kuma zana tumatir a kan kore, leda a kan baƙi, domin 'yan dako da yawa hoton suke dubawa. Ba a huda gindin koren ba, don kada ruwan tumatir ya riƙa tsiyaya a hanya. Tazara tsakanin mazubi da mazubi kada ta wuce taku 20. Wanda zai yi tafiyar da ta fi haka da kwanon shara a hannu, ga mai saye yana jiransa, kwata zai zuba.

An ɗauki masu kwasa huɗu, baro uku da kura ɗaya. Kwasa sau biyu a rana, ƙarfe 11 da kuma 5 na yamma. Kowa an ba shi takalmin ruwa, safar hannu mai kauri da takunkumi, an kuma kai su asibiti an yi musu allurar rigakafin tetanus kafin su fara.

Filin da za a riƙa mayar da mai ruɓewa taki fuloti ɗaya ne, ƙafa 50 da 100, a bayan kasuwa, ya fi mita 30 nesa da rijiya mafi kusa. An daɓe rabinsa da jan marmara, an yi masa gangare na santimita 2 a kowace mita, ruwan da ya tsatso yana bin siririyar kwata zuwa wani duro da aka binne. An rubuta wa hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, wadda aka kafa a 2003, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, duba-gari ya zo ya ga wurin ya sa hannu.

Ganyen kabeji da salak da kan karas masu kyau ba za su shiga taki ba. Masu kiwo suna zuwa da buhunansu tun da can, kuma abin da tunkiya za ta ci ya fi daraja a cikinta. An ware musu gefe guda su riƙa ɗiba kafin ƙarfe 11.

Litinin, 3 ga Fabrairu

An fara tsibi na farko. Ana jan sa da tsawo kamar kunyar gona, don haka ma'aikata suke kiran sa kunya: faɗi mita 2, tsayi mita 1.3, tsawo mita 6. A ƙasa an jera karyayyun kwanduna da karan dawa, kauri kamar taƙi ɗaya, don iska ta riƙa shiga ta gindi. Haɗin shi ne baro 3 na kayan gwari, baro 1 na ɓuntun shinkafa, baro 1 na busasshen kashin shanu, hawa-hawa. Kabeji da kankana sai an sassara su da adda, kada gutsure ya wuce faɗin tafin hannu. Kowace yamma a rufe saman da ɓuntu, kada a bar ɗanyen kaya a buɗe ya kwana.

Talata, 11 ga Fabrairu

Kunyar ta zauna, ta yi laɓa-laɓa, tana wari mai tsami da na ruɓaɓɓen ƙwai, zafin cikinta bai wuce digiri 38 ba. Duron da aka binne yana cika cikin kwana biyu. Masu rumfunan da ke kusa sun kai ƙara wurin Sarkin kasuwa, kuma suna da gaskiya.

Ruwa ne ya yi yawa. Baron kayan gwari yana kai kilo 40, kusan duk ruwa. Baron ɓuntu bai fi kilo 8 ba. Idan aka lissafa, haɗin 3 da 1 da 1 yana ba da danshi sama da kashi 70 cikin 100, alhali ƙananan ƙwayoyin halittar da ke dafa taki suna son 50 zuwa 60. Da zarar ruwa ya cike ƙofofin iska sai su mutu, waɗanda ba sa buƙatar iska su karɓi aikin, su ne masu kawo warin kuma ba sa kawo zafi. Ga tsamin tumatir ya ƙaru a kai.

An wargaza kunyar, an baza ta wuni guda a rana, aka sake ɗaga ta da sabon haɗi: 2 na gwari, 2 na ɓuntu, 1 na kashin shanu. Wannan yana saukar da danshin kusa da 60, yana kuma daidaita busasshen abu da ɗanye zuwa kusan kashi 25 na sinadarin kabon (mai yawa a busasshen abu) a kan 1 na naitirojin (sinadarin da shuka ke ci), wanda shi ake nema. Gwajin da kowa zai iya yi: a ɗebo daga tsakiya a matse a hannu. Idan ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya jiƙe da yawa. Idan aka buɗe hannu ya wargaje, ya bushe. Idan ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu suka fito, ya yi.

Wasu sun ba da shawarar a zuba toka da yawa don kashe warin. An hana. Kwano ɗaya ko biyu a kan baro goma yana rage tsami, amma idan ta yi yawa sai naitirojin ya fita a matsayin ammoniya, wannan warin mai hawa ka kamar na fitsari, kuma abin da manomi zai biya kuɗi dominsa ne ke tafiya a iska.

Sabon haɗin yana cin ɓuntu buhu 6 zuwa 7 a rana. Nan ne ainihin tsadar aikin take, domin masu turara shinkafa da masu kaji su ma suna nemansa. An fara tara ɓawon rake da tuƙarsa, ƙaiƙayi, busasshen ɓawon albasa da yagaggen kwali mara leda a jiki. Garin katako yana yi, amma rabin awon ɓuntu kawai, don ya fi shi jinkirin ruɓewa, kuma ba a karɓar na katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kwana uku bayan gyaran, zafi ya kai digiri 58, ya riƙa wasa tsakanin 58 da 65. Da asuba, da sanyin hunturun da ya rage, ana ganin tururi yana tashi daga bayan kunyar. Ana awo da ma'aunin zafi mai dogon tsinke, a wuri uku, zurfin santimita 50, a rubuta a littafi. Ranar da babu ma'auni, rodi ya isa: a soka shi minti 10 a zaro, idan ba a iya riƙe shi a hannu fiye da ɗan lokaci, aiki na tafiya.

Ƙa'idar da ake bi ita ce wadda aka sani ga irin wannan tsibi: digiri 55 ko fiye na kwana 15, tare da juyawa sau 5 a cikin kwanakin. Juyawar ba don iska kaɗai ba ce. Gefen kunya ba ya zafi, don haka dole na waje ya koma ciki, na ciki ya fito, in ba haka ba ƙwan ƙuda da irin ciyawa da ƙwayoyin cuta za su tsira a gefe. Ga manoman tumatir wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsutsar nan Tuta absoluta, da suke kira sharon, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina a 2016, tana zuwa kasuwa a cikin 'ya'yan tumatir. Takin da bai dahu ba zai iya mayar da ita gona.

Mazubai kuwa, uku sun ɓace cikin dare, ƙarfe ne kuma yana da kasuwa wurin 'yan gwangwan. Sauran koren sun fara tsatsa a gindi saboda tsamin tumatir. Ana canza su da shuɗin duron roba da aka yanka, an ɗaure kowanne da sarƙa a jikin ginshiƙin rumfa. Rabin duro cike da tumatir yana wuce kilo 60, mutum biyu ke ɗaga shi, don haka an ja layi da fenti a kashi biyu cikin uku, kada a wuce nan.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya kama ranar 1 ga wata, sharar ta canza kama. Ɓawon kankana, lemo da abarba sun ƙaru sosai, ciniki ya koma yamma, ledar ƙanƙara da ta zoɓo ta cika ko'ina. An mayar da kwasar yamma zuwa bayan Isha, juya taki kuma daga bayan Asuba zuwa ƙarfe 9, don kada masu aiki su galabaita.

Rarrabewa ta ja baya. Da Magariba ta gabato kowa sauri yake, sai a ɗaure ruɓaɓɓen kaya a leda a jefa cikin kore. Leda ɗaya da aka ƙulle tana cin lokacin mai tsinta fiye da goma da ke warwatse, don sai ya yaga ta ya zazzage. Tara ba ta yi aiki ba, rigima kawai ta jawo. Abin da ya yi aiki shi ne kowane mazubi an danƙa shi ga rumfuna shida da ke kewaye da shi, da mutum ɗaya a cikinsu da zai sa ido. Idan mai kwasa ya tarar da leda a kore, ba ya faɗa, sai ya ce, "Alhaji, a taimaka a sa yaro ya tsince, zan dawo," ya wuce na gaba. Mazubin da aka tsallake a zafin Maris, kafin awa biyu maƙwabta da kansu za su yi magana. Limamin masallacin kasuwa ma ya taɓo batun bayan sallar Azahar, an kuwa ga bambanci.

An ƙara ƙaramin bokiti ja mai murfi a kowane layi don reza, batir, fasasshiyar kwalba da robar maganin ƙwari. A makon nan an tsinci reza tsaye a cikin rabin lemo, irin wadda masu yankan farce ke yarwa, ta yanka safar hannu har ta kusa fata. Daga yau babu mai sa hannu cikin mazubi. A zazzage a kan tebur, a baje da manjagara, sannan a tsince.

Talata, 8 ga Afrilu

Bazara ta shigo, rana tana kai digiri 40. Matsalar Fabrairu ta juye: kunyoyi biyu sun huce tun ba su kai lokaci ba, cikinsu ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, ya bushe ƙamas. Wanda bai sani ba zai ce sun nuna, alhali tsayawa suka yi don ƙishirwa. An zuba wa kowace duro 3 na ruwa, ba a sama ba, a lokacin juyawa, hawa-hawa da bokitin ban ruwa mai rariya, domin busasshen ɓuntu ba ya shan ruwa idan aka kwara masa, gangarewa yake yi. Kwana biyu zafi ya dawo 60. Yanzu ana lulluɓe su da tsofaffin buhunan algarara da zana. Baƙar leda ba ta dace ba, tana toshe iska. Idan awo ya wuce 70 a juya a ranar, don a nan ƙwayoyin da ke aikin su ma mutuwa suke.

Ruwan da ke taruwa a duron ƙasa ana mayar da shi kan sabuwar kunya kaɗai, a makonta biyu na farko. Wadda ta riga ta wuce kwanakin zafinta ba a zuba mata, don zai mayar mata da cutar da aka kashe.

Mangwaro ya fara shigowa. Namansa yana narkewa nan da nan, ƙwallon kuwa sai ya zaga kunya biyu ko uku.

Laraba, 30 ga Afrilu

An tankaɗe kunya ta farko, mako 11 bayan sake ɗaga ta. Rariyar waya ce mai ido na milimita 10, a jikin katako mita 1 da 1.5, an jingine ta a karkace ana watsa takin da shebur. Takin ya yi baƙi-baƙi, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko, ba ya ɗumi ko an juya shi. Ɓuntu yana nan ana ganin sa, wannan ba aibi ba ne, yana da sinadarin silika mai yawa shi ya sa yake daɗewa, kuma yana sassauta ƙasa. An samu buhu 26 na kilo 50. Abin da ya ƙi wucewa, ƙwallon mangwaro da guntayen kwando, ya koma sabuwar kunya.

Abin da ya tsaya a kan rariyar ya isa a duba shi da kyau: kusurwoyin ledar fiya-wata da ake cizgewa da haƙori a tofar, murafen kwalba, zaren buhu, ledar magi. Ba su kai cikin kwano biyu ba, amma masu ƙanƙanta fiye da idon rariya sun wuce, kuma babu dabarar fitar da su. Kunyoyin watan azumi za su fi wannan datti, an yi musu alama daban don a sayar da su ga masu dashen itatuwa, ba masu lambu ba.

Kafin sayarwa an yi gwajin tsiro. An jiƙa taki kofi 1 a ruwa kofi 5 na awa guda, an tace, an jiƙa tsumma da ruwan a faranti, an jera irin kokwamba 20. Wani farantin kuma da ruwa zalla. Bayan kwana 4, 18 sun fito a na takin, 19 a na ruwa, saiwoyin kusan tsayi ɗaya. Da ɗanye ne, saiwar za ta gajarce ta ƙone a baki.

Ana gaya wa manoma gaskiya: wannan ba takin zamani na NPK ba ne. Naitirojin ɗinsa bai fi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, na buhun 15-15-15 kuwa kashi 15 ne. Amfaninsa shi ne jigawar Kano ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe takin zamani, shi kuwa yana sa ta riƙe. Masu lambu da masu renon tsiro su ne suka fi ɗauka, don su a bokiti suke aunawa, ba a tifa ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

An yashe kwatoci kafin ruwa ya sauka sosai. Daga ƙasa ake farawa, inda kwatar kasuwa ke haɗuwa da babban lambatu, a yi sama, don ruwan da ya kwanta ya samu hanya. Abin da aka fitar a bar shi wuni ɗaya ya tsane, washegari tifa ta kwashe. Yashe kwata a tara a bakinta a tafi, kamar yadda ake yawan gani ranar tsaftar ƙarshen wata, aikin banza ne, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Wannan taɓon ba ya shiga taki ko kaɗan, akwai baƙin mai da bahaya da batir a ciki.

An sa ragar rodi mai kauri milimita 12, tazarar santimita 5, a wuri uku, a karkace yadda manjagara za ta iya jan abin da ya taru. Kowace raga tana da mai ita da sunansa a littafi, kuma sharaɗi ne a share ta kafin hadari da bayan ruwa. Ragar da ba a sharewa ta fi rashin raga haɗari, ita da kanta za ta zama madatsa. 'Yan kasuwa ba su yi gardama a kan kuɗin wannan ba. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a Agustan 2022 ta jiƙa kaya na miliyoyin naira tana nan a ran kowa.

Talata, 10 ga Yuni

An yi Babbar Sallah ranar Juma'a 6 ga wata. An karɓi kashin raguna da ragowar harawa daga turakun da aka kafa a bakin kasuwa, kaya mai kyau kuma busasshe, ya rage sayen ɓuntu na kwanaki. Abin cikin tumbi ana karɓa a binne shi a tsakiyar kunya mai zafi. Jini da ƙashi da kitse ba a karɓa, suna jawo karnuka da ɓeraye.

An sayar da ledar da aka tara karo na farko. Ledar fiya-wata da gorunan ruwa suna da masu saye, ana kai su kamfanonin roba na Sharaɗa da Challawa, amma sai an zazzage su sun bushe, jiƙaƙƙiya ana rage mata kuɗi. Siririyar baƙar leda babu mai so, ita ce ke tafiya a tifa. Ƙona ta a cikin kasuwa an hana gaba ɗaya, hayaƙin yana sauka kan kayan da mutane za su ci.

Laraba, 16 ga Yuli

Lissafin wata shida. Kuɗin shara naira 100 ne a kowace rumfa a rana, ana karɓa da rasit, ana manna jimillar mako a allon ofishin kasuwa. Tun da aka fara mannawa biya ya ƙaru. Kuɗin taki da na leda a haɗe ba su biya albashin masu kwasa ba, kuma kada wani ya shiga irin wannan aiki da tunanin za su biya. Inda aka samu sauƙi shi ne tifa: a layukan biyu, abin da ake fitarwa bayan gari ya ragu da fiye da rabi, kuma wanda ya rage busasshe ne, yana iya jiran kwana uku ba wari.

Tifar haya ta saɓa alkawari sau da dama a watan nan, direba yana cewa hanyar juji ta yi taɓo. An gina ɗan ɗaki na bulo mai ƙofa, mita 3 da 3, mai rufin kwano, don baƙaƙen mazubai su samu wurin juyewa, iska da awaki kada su watsa.

Wasu dillalai biyu sun fara karɓar tumatir a akwatunan roba masu cin kilo 25 maimakon kwando. Fasasshen da ake tsincewa daga gare su kaɗan ne ƙwarai, domin kwando idan aka ɗora wani kan wani a mota, na ƙasa shi ke ɗaukar nauyin duka. Matsalar akwatin ita ce mayar da shi gona fanko da kuɗin mota, da kuma ɓacewa. Kwamiti ya ba su wurin ajiya mai makulli kyauta.

Talata, 19 ga Agusta

Ruwa kusan kullum. Kunyoyi uku sun sha ruwa, zafinsu ya faɗo ƙasa da 45, gefen filin da ba a daɓe ba ya zama taɓo, baro ba ya shiga. Tamfol yana taimako idan aka ɗora shi kan sanduna ya bar taƙi biyu tsakaninsa da takin, amma idan ya kwanta a kai yana hana numfashi. An canza siffar kunya, samanta ya yi tsini don ruwa ya gangare, an ƙara ɓuntu zuwa baro 3. Ɓuntun kansa dole a ajiye shi a ɗaki, wanda ya jiƙe ba ya tsotse komai. Sa'ar da aka yi ita ce tumatir ya yi ƙaranci a damina, abin da ke shigowa yanzu ganye ne da ɓawon ɗanyar masara da kuɓewa, ba su kai shi ruwa ba.

An ga tsutsotsi masu kauri, launin toka zuwa baƙi, masu faɗin jiki, a gefen kunyoyin da suka huce. Ma'aikata sun so fesa magani, an hana. 'Ya'yan baƙin ƙudan soja ne, ba ya sauka kan abinci, tsutsarsa tana cin ruɓaɓɓen kaya da sauri, kuma inda take ƙudan gida ba ya yawa. Masu kaji da masu kifi suna son ta. Ta ƙudan gida ƙarama ce fara mai tsinin kai, ita ce alamar an bar ɗanyen kaya a buɗe.

Ragogin kwata biyu suna aiki. Ta ukun, wadda ke bakin layin masu abinci, tana toshewa da robar tekawe a kowane ruwa, kuma wannan layin ba ya cikin tsarin. An sa zama da shugabar masu abinci ranar Asabar. Sauran abin da ke gaba: rufin kwano a kan rabin filin da aka daɓe, an karɓi farashi daga kafintoci biyu; daɓe ragowar rabin da zarar ruwa ya ɗauke; yarjejeniyar ɓuntu na wata shida da masu injin casa tun kafin kaka, kafin farashi ya tashi; sai sake awon mako guda a watan Oktoba, a layin albasa da na 'yan lemo, kafin a ce za a shigar da su.